Sabon Kwaɗon Yaya

Shafi na 17

Masu cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri. Da yatsa ɗaya nake rubutu, shi ma ba ya sauri.

Ga wanda bai ga na baya ba: Baba tsohon mai gyaran kwaɗon ƙofa ne da yankan makulli. Shekara uku ke nan ciwon mantuwa ya kama shi, 'yarsa Auta ce ke jinyarsa ita kaɗai. Shekaranjiya ya fice daga gida tun hantsi, ba a gan shi ba sai la'asar, tsaye a bakin kasuwa inda rumfarsa take a da, da takalmi ƙafa ɗaya. Aka buga wa Yaya waya, babban ɗansa da ke aiki a wani gari.

To, ga inda muka tsaya.

Yaya ya iso da motar farko, wajen ƙarfe sha biyu. Bai zauna ba, bai sha ruwan da Auta ta ajiye masa ba. Ya tsaya a tsakar gida da leda a hannu, makullan siton da yake kula da shi suna lilo a ƙugunsa.

Baba na kan bencinsa a gindin katanga, inda inuwa ke kaiwa har azahar. A gabansa tsohon daro ne cike da kwaɗuna, manya da ƙanana, wasu duk tsatsa. Gefe ga 'yar kwalbar man keke da siraran wayoyi biyu da ya lanƙwasa bakinsu da kansa.

Dabarar Auta ce wannan daron. Gida gida ta bi tana roƙon kwaɗunan da makullansu suka ɓata. Kullum da safe sai ta danne su duka, ta yi sallama kamar baƙuwa, ta ce masa makullansu sun ɓata. Shi kuma ya zauna yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. In ya tashi cin abinci ta sake danne su. Muddin akwai rufaffen kwaɗo a daron, Baba ba ya neman ƙofa.

Bai san 'yarsa ce ba. Baiwar Allah yake ce mata. Rabon da sunan Auta ya fito daga bakinsa an shekara biyu.

Yaya ya rusuna.

"Baba, ina kwana."

Baba ya ɗago, ya dubi takalmin Yaya, ya dubi makullan ƙugunsa.

"Lafiya lau, Yallaɓai. In maganar rumfa ce, ban wuce layi ba. Ka auna ka gani."

"Baba, ni ne fa."

"Na sani. Ai kullum ku ne."

Ya mayar da kansa kan aiki.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune kan 'yar kujera ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Tun ranar da abin ya faru take gidan. Ta dubi Yaya ta ce, "Zauna mana, Babba. Tsayuwa ba ta sa ya gane ka."

Yaya ya zauna a bakin tabarma. Ya buɗe ledar, ya fito da wani ƙaton kwaɗo sabo fil, yana ƙyalli, makullai uku a maƙale da shi.

"Ga magani na kawo. Ɗakin baya za a gyara masa. A sa masa katifa da bokiti. Da safe a buɗe a ba shi abinci, a mayar a rufe. Ni motar ƙarfe biyu zan bi, kwana ɗaya aka ba ni."

Gwaggo ta karɓi kwaɗon, ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafin hannu.

"Wa za a kulle da wannan?"

"Baba."

"Wane Baban?"

"Gwaggo, ba wasa na zo yi ba. Mai shagon ya ce ko ɓarawo ya gan shi wucewa yake."

"Ai ubanka ba ɓarawo ba ne. Shi ɓarayi ke tsoro."

"Wannan a da ne. Mutumin da bai san ɗansa ba zai san cikin kwaɗo?"

Gwaggo ta miƙa masa abinsa.

Auta na tsaye a bakin igiyar shanya tana matse zanin gado. Na uku ke nan tun asuba. Hannayenta sun yi fari fat saboda sabulu, fatar yatsun ta tattare.

Yaya ya juya wajenta.

"Ke kuma zo ki gaya min. Yaya aka yi ya fita?"

Gwaggo ta yi sauri ta ce, "Banɗaki ta shiga. Na gaya maka a waya. Mutum ba zai kewaya ba?"

"Tun hantsi har la'asar tana banɗaki?"

"Da ta fito ai nema ta shiga."

Auta ta shanya zanin, ta ja gefensa ya miƙe. Ta goge hannu a jikin rigarta. Sannan ta zo ta zauna nesa da su kaɗan, a kan dakalin ƙofar ɗaki.

"Gwaggo, bar shi. Ba banɗaki na shiga ba."

"Auta."

"A nan nake zaune. Nan inda nake yanzu."

Yaya ya ce, "Barci ya ɗauke ki?"

"A'a. Idona biyu."

Wayar Baba na ƙara a cikin kwaɗo, ƙiris ƙiris.

"Ranar ban danne kwaɗunan ba. Na manta, ko ban manta ba, ban sani ba. Ya duba daron ya ga babu aiki. Ya tashi ya sa hularsa. Ya sa takalmi. Ya je ya zare sakata."

"Kina kallo?"

"Ina kallo."

"Ba ki kira shi ba?"

"Ban kira shi ba."

"Ƙafarki ce ta riƙe?"

"Haka na so in ce. Ƙafata lafiyarta lau. Ni ce ban tashi ba."

Gwaggo ta sa bakin mayafi ta rufe baki.

Auta ta ci gaba, muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai lissafa kayan wanki.

"Da ya fita gidan ya yi tsit. Ban taɓa sanin gidan nan yana da irin wannan shirun ba. Na ce bari in kwanta minti biyar in bi shi. Na kwanta a tabarmar nan da kake kai. Ban farka ba sai da rana ta juya."

"Awa nawa?"

"Huɗu. Ko biyar."

"Uban naki yana titi, mota na wucewa, ke kina barci."

"Eh. Kuma rabon da in yi barci mai daɗinsa tun kafin Inna ta rasu."

Yaya ya miƙe tsaye, ya sake zama.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Da na farka, abin da na fara ji ba tsoro ba ne. Sauƙi na ji. Tsoron daga baya ya zo, shi ya fitar da ni ba takalmi."

"Da mota ta buge shi fa?"

"Da na kashe shi. Shi nake ta juyawa kwana biyu."

Baba ya buɗe wani ƙaramin kwaɗo, ya hura cikinsa, ya ajiye a gefen da yake jera waɗanda ya gama. Ya ɗauki na gaba.

Yaya ya ce, "Gwaggo, kin ji ko? Kin ji wadda muka bar wa amana."

"Na ji. Kai kuma amanar me aka bar maka?"

"Ni ba na aike? Wane wata ne ya wuce ban yi aike ba?"

Auta ta ce, "Kana yi, Yaya. Allah ya saka. Amma aike ba ya wanke zani."

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara uku."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da jaka ƙarama. Ta ajiye jakar a gefenta, ta miƙa masa littafin. Bai karɓa ba, sai ta ajiye a kan tabarma.

"Jiya na kai shi asibiti a duba ƙafarsa. Na gaya wa ma'aikaciyar da ke ganinmu duk abin da na gaya maka."

"Kika je kika tona wa kanki asiri."

"Na ɗauka za ta zage ni. Sai ta jawo min kujera. Ta ce mu bakwai ne ke zuwa wajenta masu jinyar irin wannan ciwon, kuma ba wadda ba ta taɓa kallon ƙofa ba. Ta ce ba mugunta ba ce, gajiya ce. Amma in ba a karɓe ni ba, za a sake, kuma na biyun ba lallai a same shi a bakin kasuwa ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Sati ɗaya nake so."

"Na me?"

"Na barci. A gidan Gwaggo."

Gwaggo ta ce, "Ɗakin na nan. Na sa an share."

Yaya ya dube ta. "Ashe da ke aka ƙulla."

"Da ni. Da gwiwata na da kyau da ni zan zauna da shi. Amma in ya tashi zai fita, ni da rarrafe zan bi shi?"

"To wa zai zauna?"

Gwaggo ta dubi Yaya, Auta ma shi take kallo.

Ya yi 'yar dariya. "Ni? Ku kun san aikin kamfani kuwa? Kwana ɗaya ma sai da na yi roƙo."

"Shekara tara kana musu aiki," in ji Gwaggo. "Da matarka ta haihu sati biyu suka ba ka."

"Wannan daban."

"Eh, daban ne. Wancan ana zuwa barka."

Auta ta nuna littafin. "Komai na ciki. Ƙwaya fara da safe, rabi da yamma. Ba ya shan shayi in da zafi, kuma ba zai ce maka da zafi ba, ajiyewa zai yi. In ya ce zai tafi gida, kada ka ce masa nan ne gida, faɗa za ku yi. Ka ce mota ba ta zo ba tukuna. In ya tambayi Inna, ka ce ta je unguwa."

"In yi wa ubana ƙarya?"

"Na gaya masa gaskiya sau huɗu. Sau huɗu yana yin sabon kuka. Kai ma ka gwada in kana so."

Yaya ya dubi littafin. Auta ta ɗora.

"Wanka kuma, kai namiji ne, zai fi sakewa da kai. Ni sai na rufe masa jiki da zani ina yi ina ba shi haƙuri. Yana ce min, baiwar Allah, ba ki da kunya ne."

Nan Yaya ya kawar da kai.

Da ya juyo sai ya ce, "Shi ya sa na ce a kulle shi. In yana kulle, ki yi barcinki har ki gaji. Ba sai kin je ko'ina ba."

"Na taɓa rufe shi, Yaya. Sau ɗaya, da sakata ta waje. Ya buga ƙofa har hannunsa ya fashe. Yana kiran sunan Inna ta zo ta buɗe masa. Ba zan sake ba."

"To ni ba zan bar aikina ba."

"To."

Ta ɗauki jakarta. Ta je ta kama hannun Gwaggo ta taimaka mata ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Na gaya maka."

"Ban ba ki izini ba."

"Ban nema ba, Yaya. Ka yi haƙuri."

Yaya ya riga su zuwa ƙofar gida. Ya tura ƙyauren, ya zura sakata, ya saƙala sabon kwaɗon a jikinta ya danna. Ƙarar ta cika gidan. Ya zare makullan uku ya jefa a aljihu.

"Ba mai fita sai mun gama magana."

Gwaggo ta ce, "Har da ni, Babba? Ni da na goya ka?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Ki zauna."

Auta ba ta yi gardama ba. Ta tsaya a gaban ƙofar da jaka a hannu, tana kallon kwaɗon.

Ba wanda ya lura da Baba. Tun da ya ji ƙarar dannawar ya ɗago kai. Ya ajiye na hannunsa. Ya ɗauki wayoyinsa biyu da kwalbar mai, ya taho a hankali yana ɗingisa ƙafar da ya ji ciwo.

Ya tsaya kusa da Auta.

"Baiwar Allah, makulli ne ya ɓata?"

Ta dube shi. "Eh, Malam."

"Kina sauri?"

"Ina sauri."

"Matsa kaɗan."

Yaya ya ce, "Baba, koma ka zauna."

"Yanzu, Yallaɓai. Bari in sallami matar nan, ta riga ka zuwa."

Ya kama kwaɗon, ya ɗaga shi wajen haske. Ya ɗiga mai ɗigo ɗaya. Ya zura waya ɗaya ya riƙe da babban yatsa, ya zura ta biyu a samanta. Ya kwantar da kunnensa kusa, ya rufe ido. Hannun da ke rawa in zai kai kofi baki, yanzu ko motsi ba ya yi.

"Sabon yayi ne," in ji shi. "Jiki ƙato, ciki ba komai."

Gwaggo ta yi tari, ta dubi Yaya.

Ba a yi minti ɗaya ba kwaɗon ya buɗe.

Baba ya zare shi, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙa wa Yaya.

"Naka ne?"

Yaya ya karɓa. "Nawa ne."

"Wa ya sayar maka?"

"Wani mai shago."

"Bai gaya maka ba? Kaya ake kullewa da shi. Ni tun da nake sana'ar nan ban taɓa ba wani kwaɗo ya rufe mutum ba. In ka rufe mutum, ko ka buɗe daga baya ba ya mantawa."

Ya zare sakatar, ya ja ƙyauren da kansa, ya koma gefe.

"Bismillah, baiwar Allah."

Auta ba ta motsa ba sai da Gwaggo ta tura ta da kafaɗa.

Baba ya ce, "Gobe za ki kawo wasu? Na kusa gama na yau."

Ta dubi Yaya. "Wannan zai kawo maka."

"Yallaɓai?"

"Shi."

"To. Allah ya kai mu."

Suka fita. Gwaggo na dafe da kafaɗarta, tafiyar ba ta sauri.

Baba ya koma bencinsa. Biyu suka rage a daron, ya buɗe su nan da nan, ya jera. Ya leƙa daron, ya shafa cikinsa da hannu. Ya dubi hularsa da ke rataye a ƙusa.

Wayar Yaya ta fara ruri a aljihu. Ya ciro ya duba. Shugabansu ne na wurin aiki. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauko hular.

Yaya ya dubi ƙofa a buɗe, ya dubi littafin a kan tabarma. Ya mayar da wayar aljihu tana ta ruri. Ya durƙusa a gaban bencin, ya danne sabon kwaɗon, ya jefa a daron. Ya ɗauki na jeren ɗaya bayan ɗaya yana dannewa, hannunsa duk tsatsa.

"Ga aiki, Baba. Makullansu sun ɓata."

Baba bai kalli daron ba. Yana riƙe da hular, yana kallon igiyar shanya, inda zanin gado uku ke ɗiga ruwa.

"Yallaɓai."

"Na'am."

"Ina Auta ta shiga? Tun safe ban ji motsinta ba."

Hannun Yaya ya tsaya a kan kwaɗo.

Lungun gidan ba shi da tsawo, kuma Gwaggo ba ta sauri. Ko gida biyu ba su wuce ba. Daga inda Yaya yake durƙushe yana hango bayan Auta ta cikin ƙofa. Ya ga ta tsaya cak.

Gwaggo ta sauke hannu daga kafaɗarta, ta damƙe wuyan hannunta.

"Kada ki juya."

"Gwaggo, sunana ya kira."

"Na ji. In kika juya yau, kin juya ke nan."

A cikin gida Yaya ya tura daron gaban Baba.

"Ta je unguwa, Baba. Ita ta aiko ni da waɗannan."

Baba ya ture daron da ƙafa. Ya sa hularsa, ya miƙe, ya fuskanci ƙofa.

"Auta," ya kira, da irin muryar da yake kiranta tana ƙarama.

Jakar ta zame daga hannunta ta faɗi ƙasa.